Yadda Aka Sa Mini Suna Mai Gumaka

Yayana Lawali, wanda kuke kira Baba Alhaji kuna durƙusa masa, shi ne ya miƙe a masallacin unguwarmu ya ce ina ajiye gumaka a gidan ubanmu, wai saboda ni Allah ya riƙe ruwan sama. Ya san ƙarya yake yi. Ya faɗa ne don ya kawar da idon mutane daga buhunan jar dawa na taimako da ya kulle a ɗakinsa. Tun daga ranar na tashi daga Mutari mai hoto na koma Mutari Mai Gumaka, kuma da wannan sunan aka yi ta tsokanar ku a lakwal, wato makarantar boko, kuna dawowa gida da kuka, uwarku tana ba ku haƙuri ba ta gaya muku dalili. To ga dalilin. Ni ban yi nisa a lakwal ba, mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni na gaji da shi muka rabu, don haka kada ku nemi ado a rubutuna. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Aikin hoto na koya a wajen wani mutumin Dahome mai shago a Zango. Shekaru na yi ina wanke masa hoto a ɗakin duhu, da zai koma ƙasarsu ya bar mini tsohuwar afare ɗinsa, wato na'urar ɗaukar hoton. Na kama ɗan shago kusa da tasha. Yawancin aikina hoton katin shaida ne, sai biki da suna, sai sojojin da ke son aika wa iyayensu hoto cikin kaki. Ina samun abin kai wa gida, na auri uwarku Zuwaira, muna zaune a gidan ubanmu a Kara-Kara, ni da ɓangarena, Yaya Lawali da nasa, Inna mahaifiyarmu tana tsakiya. Babanmu ya riga ya rasu.

Wata rana wani mai sayar da gwanjo da na saba da shi ya kira ni ina wucewa. Ya kwance dila, ya tsinci wani abu a aljihun rigar sanyin yaro.

"Mutari, kai ne mai son abin da ba ya da amfani. Ungo."

Zomo ne na roba, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, da shuɗin wando, yana tsaye da ƙafa biyu kamar mutum. Na taɓa hannunsa sai ya ɗaga. Kafaɗa tana juyawa, gwiwa tana lanƙwasawa, wuya yana waiwaye. Na san irinsa. Su ne dabbobin zanen nan da ake sakawa a silima kafin babban fim, masu gudu da faɗowa daga bene su tashi su kakkaɓe jiki. Ban taɓa zaton ana yin su a riƙe a hannu ba. Na kai shi shago na zaunar da shi a kan tabur, na ɗora masa ƙafa ɗaya kan ɗaya. Duk fim in an gama ɗaukar masu katin shaida yakan rage wuri kaɗan a ƙarshe, wanda ba na kowa ba ne. Da wannan ragowar na ɗauke shi. Da na wanke, sai ga zomo zaune kamar wani babban kwamis, irin akawun gwamnati, a buro yana jiran a kawo masa takarda. Na daɗe ina kallo a ɗakin duhu ni kaɗai ina dariya.

Daga nan abin ya kama ni. Na bi masu gwanjo na ce duk wanda ya tsinci irinsa ya ajiye mini. Na bi kukun Nasara, domin in iyayen gidansu za su koma ƙasarsu sukan zubar da kayan wasan ƴaƴansu. Na bi direbobin Kano. A hankali na tara agwagwa mai rigar matuƙin jirgi, giwa mai gajeren wando, zaki da wutsiyarsa ta karye, kyanwa, kada mai buɗe baki, da wasu da yawa. Waɗanda ba sa motsi ba na karɓa, ba su da amfani a wajena. Kuma ku ji wannan da kyau: akwai wani kare mai hula da ƙaton ciki, Yaya Lawali ne da kansa ya sayo mini shi a Kano ya kawo mini tsaraba, yana dariya yana cewa ga abokin zomonka. Ina ajiye su a wata akwatin ƙarfe, kowanne naɗe a tsumma, don zafi yana sa robar ta yi danƙo.

Ɗaukar su hoto ba wasa ba ne, ko da yake mutane wasa suka ɗauke shi. In ka tsaya a tsaye ka ɗauke su, abin wasan yara za ka gani a ƙasa. Sai ka sauko daidai idonsu. Nakan ɗora afare a kan guntun bulo, in kwanta rub-da-ciki a bayan gida, haɓata a ƙasa, in rufe ido ɗaya. A nan ne zomo yake zama ƙato, tsakuwa ta zama dutsen Birni. Da laka na gina musu ɗan rumbu da ƴar rijiya da katanga. Ina liƙa musu kakin zuma a tafin ƙafa don su tsaya. Marfin kwalba shi ne ƙwaryarsu, in zuba ƴan ƙwayoyin gero a ciki. In ina son a ga kamar ƙura ta tashi a bayansu, sai in ɗebo garwashi a kasko in zuba turaren Zuwaira, hayaƙin ya bi ta baya. Da hantsi nake yi kafin rana ta yi tsaye, Zuwaira tana riƙe mini farin faranti don haske ya koma fuskarsu. Hannu kuwa shi ne komai. In ka ɗaga wa zomo hannu sama sosai, murna yake yi. In ka sauke shi kaɗan ka karkata kai, roƙo yake yi. Tsakanin murna da roƙo bai fi faɗin farce ba.

A ƙofar shagona akwai allo mai gilashi inda nake kafa hotunan talla. Na fara sa na dabbobin a gefe guda. Ba a daɗe ba mutane suka saba, masu zuwa tasha sukan ratse.

"Mai hoto, yau me zomo ya yi?"

"Yau aure ya nema, an hana shi."

"Ai dole, da wando ɗaya tun bara."

Na faɗi wannan don ku sani babu wanda bai san su ba a unguwa. Manya sun gani, malamai sun gani, Liman kansa ya taɓa tsayawa ya gyara tabarau ya yi murmushi. Shekaru ana haka, babu wanda ya ce gunki.

Sai ruwa ya ɗauke. Shekarar farko an samu ɗan abin da aka samu. Ta biyu kuwa sama ta bushe ƙaƙas, hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, iska ta watsa shi, mu koma ɗaki. Damagaram dama garin ƙishirwa ne, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutanen ƙauye suka fara shigowa, daga Guna, daga Hamdara, daga ko'ina, wasu da jaki, wasu sun riga sun binne jakin a hanya. Iya Habsu, ƙanwar Inna da ke aure a Guna, ta iso gidanmu da jikokinta a ƙafa, da ƙullin tsumma a kai. Matar da na sani da shanu da rumbuna, mai aiko mana da man shanu kowace kaka. Ta zauna a ƙofar ɗakin Inna, aka gaishe ta, ta ce lafiya lau. Kowa lafiya lau yake cewa a shekarar. Anza, ƴaƴan itacen daji, suke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, su haɗa da dusa.

A lokacin wani Nasara ya zo shagona da direbansa, yana son mai hoto da zai bi shi bayan gari inda ƴan gudun yunwa suka kafa bukkoki. Na bi shi. Ya nuna mini wata mata zaune da yaro a cinya, yaron kai ya fi jiki. Na ɗaga afare. Ta ja bakin zanenta ta rufe fuska, ta yi magana daga ciki.

"Ɗan nan, a haka za ka ɗauke ni?"

Na sauke. Na ce wa direban ya gaya wa maigidansa ya nemi wani. Na dawo gida a ƙafa. Amma abin da na gani bai bar ni ba. Washegari da hantsi na buɗe akwati. Na tsayar da zomo a bakin rijiyar laka yana leƙa ciki, guga a yashe a gefe. Na kwantar da giwa a kan yashi, agwagwa tana tsaye a kanta. Su waɗannan dabbobin da murmushi aka zana su, ba ya gogewa, ko ka kwantar da su ko ka durƙusar da su. Da na wanke hotunan na ga zomo yana murmushi a bakin busasshiyar rijiya, sai na ga fuskar Iya Habsu tana cewa lafiya lau. Na kafa su a allo. Mutane suka riƙa tsayawa su daɗe, ba mai tambayar me zomo ya yi. Wani tsoho ɗan Hamdara ya kalla ya kalla, ya ce mini, haka rijiyarmu take, ya wuce.

Da aka fara kawo jar dawa ta taimako a manyan kamiyo, wato motocin kaya, aka kafa kwamite a kowace unguwa. Yaya Lawali ya gama lakwal, yana rubuta Faransanci, yana da bakin magana da manya, sai aka ba shi makullin magazan, ɗakin ajiyar hatsin unguwarmu. Ranar rabo mata su yi layi tun safe, shi yana zaune a kan kujera ana auna musu da tiya. Kafin layi ya kai rabi sai ya ce ta ƙare, a dawo wani sati. Ni kuwa a gida ɗaya muke. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, amalanke yakan tsaya a ƙofar baya, an rufe kayan da tabarma. A shigar da su ƙuryar ɗakinsa a sa kwaɗo. Bayan kwana biyu wasu ƴan kasuwa su zo su kwashe, wasu buhunan su maye gurbinsu. Inna ta gani. Zuwaira ta gani. Iya Habsu ma ta gani, tana zaune tana tsame anza taku kaɗan daga ƙofar ɗakin, ba ta ce komai ba, don baƙuwa ce a gidan yayarta. Rabon gidanmu kawai yake fito da shi, daidai da na kowa, ya ce shi mutum ne mai amana, ba zai fifita danginsa ba.

Ƙaramin jikan Iya Habsu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya kumbura. Ƙafafu suka cika, gashi ya yi ja. Aka kai shi likita aka ce abinci ne maganinsa. Na je na sami Yaya a ɗakinsa.

"Yaya, ka buɗe buhu ɗaya saboda yaron nan."

"Wane buhu?"

"Wanda ke bayanka."

"Kayan mutane ne aka ba ni ajiya. Ka je ka yi wasa da ƴan tsanarka, ka bar manya da aikin manya."

Yaron ya rasu a satin. Ni na ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta, bai kai nauyin afare da jakarta ba. Da muka dawo na ce wa Zuwaira ta ɗinka mini ƴan buhuna da tsumma, kowanne kamar kwalin ashana, ta cika su da yashi. Na tara su tsibi. Na ɗora karen nan mai hula da ƙaton ciki a kai, na rataya masa ɗan makullin kwaɗo a wuya. Na jera sauran a layi a gabansa, kowa da marfin kwalba a hannu, babu komai a ciki. Na ɗauka, na wanke babba, na kafa a tsakiyar allo. Ban rubuta sunan kowa ba. Amma Yaya nake nufi, ban taɓa musu ba, kuma ko yau aka mayar da ni sai na sake.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Mata masu dawowa daga layi hannu wofi suka riƙa biyowa ta ƙofar shagona. Aka fara ce wa Yaya kare mai makulli a bayan idonsa, har wasu a gaban idonsa. Ya zo ya same ni, ya rufo ƙofar shagon.

"Cire hoton nan."

"Hoton kare ne, Yaya. Kai ka sayo mini shi."

"Mutari, ni kake wa haka? Nono ɗaya muka sha."

"Iya Habsu ma nono ɗaya suka sha da Inna."

Ya gyara hularsa ya fita. Na ɗauka zai tura a fasa gilashin ne. Ban san shi ba ashe.

A kwanakin ne aka yi shelar roƙon ruwa. Za a yi azumi, sannan gari duka a fita fili da tsofaffin tufafi, da yara da dabbobi, a yi salla a juya riguna. Bayan sallar la'asar Liman ya tsayar da mu a masallacin unguwa. Tsoho ne mai taushin hali, shi ma yunwa ta zabge shi har rawani ya yi masa nauyi. Ya ce kafin a fita kowa ya tuba, masu gaba su shirya, kuma duk wanda ke riƙe da haƙƙin wani ya mayar, domin haƙƙin mutane yana hana ruwa sauka. Na ga kawuna suna juyawa a hankali zuwa sahun gaba inda Yaya Lawali yake. Shi ma ya gani. Sai ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, akwai abin da ya fi haƙƙin mutane nauyi, kuma a gidanmu yake. Na daɗe ina rufawa saboda zumunci, amma yau jama'a na mutuwa, ba zan iya ba. Ƙanena Mutari yana da gumaka cike da akwati."

Wani daga baya ya ce ai ƴan tsanan hoto ne, kowa ya san su. Yaya bai ko waiwaya ba.

"Hoton kuka sani. Ni da ke cikin gidan na san sauran. Ya gina musu ɗaki da laka. Yana zuba musu gero a ƙwarya a wannan shekarar da ɗan Adam bai samu ba. Yana turara musu turare. Sannan ya kwanta a gabansu, fuskarsa a ƙasa. Ku tambaye shi in ƙarya nake. Mutari, kana kwanciya a gabansu ko ba ka kwanciya?"

Na ce ina kwanciya, amma don in daidaita afare ne. Ba wanda ya ji ƙarshen maganar. Farkonta kawai aka ji. Ku fahimci mutanen nan: sun shuka sau biyu ya ƙone, sun binne ƴaƴa, suna neman abin da za su kama su ce ga dalili. Shi kuwa makulli yana hannunsa, gobe wajensa za su je da tiya. Ni ba abin da za su samu a wajena sai hoto.

Aka ɗunguma zuwa gidanmu. Aka fito da akwatin tsakar gida aka zazzage. Mata suka leƙo daga ɗakuna. Aka je bayan gida aka ga ɗan rumbun laka da kaskon turare da marafan kwalba, duk yadda ya faɗa. Liman ya ɗauki zomo, ya juya shi, ya ɗaga masa hannu ya sauke.

"Wannan dai abin wasan yara ne," in ji shi, a hankali.

"Yana da yaron da ke wasa da su ne, Malam? Ƙato da gemu."

A lokacin ba a haifi ko ɗayanku ba. Liman ya dubi jama'a, ya ga fuskokinsu, ya dube ni. Na ga ya san gaskiya, na kuma ga ba shi da ƙarfin tsayawa a kanta. Ya ce to, surar da aka cire wa kai ba sura ba ce, a cire musu kawuna don hankalin mutane ya kwanta. Yaya Lawali ya durƙusa da babbar rigarsa ya fara. Ya murɗe wuya ya fizge, ka ji ɗas. Ya jefa kai nan, gangar jiki can. Ɗaya bayan ɗaya, abin da na yi shekaru ina tarawa. Ya aika shago aka kwaso hotunan allo da duk fim ɗin da na adana, aka zuba kananzir. Wannan Liman bai ce a yi ba. Amma shi Yaya hoton karen yake so ya ƙone tun farko, sauran duk hanya ce.

Ina tsaye, ƙofar ƙuryar ɗakinsa tana gabana da kwaɗonta, buhunan suna ciki a ranar. Jama'ar unguwa duka suna tsakar gida. Abin da ya rage kawai in nuna da yatsa in ce ku fasa can. Na ja numfashi zan yi magana, sai na ji an kama mini wuyan hannu. Inna ce. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta jawo ni ƙasa har kunnena ya zo bakinta.

"Soja ke mulki, Mutari. Ka san abin da suke wa wanda ya taɓa hatsin taimako. In ka buɗe baki ba zan sake ganinsa ba har in mutu. Na roƙe ka, ka bar mini shi."

"Ni fa, Inna?"

"Kai kana nan. Kai zan riƙa ganinka."

Na dubi Iya Habsu. Tana zaune a inda take zama, ta sunkuyar da kai. Na rufe bakina. Wannan shi ne abin da na zaɓa, ba wanda ya ɗaure ni. Uwata ta roƙe ni, na ba ta. Amma ban san tsadar abin da na bayar ba sai daga baya.

Ranar roƙon ruwa na fita da tsohuwar rigata kamar kowa. Na shiga sahu, na dama ya matsa, na hagu ya matsa, na yi salla da fili a kowane gefe. Bayan ƴan kwanaki aka yi ruwa. Ruwa sosai, har kwata ta cika. Mutane suka fito suna kabbara, suna cewa kun gani, da aka fitar da gumaka. Aka yi shuka da ɗan irin da ya rage. Daga wannan ruwan ba a sake ko ɗigo ba, shukar ta fito ta ƙone a tsaye. Na jira wani ya zo ya ce ashe ba Mutari ba ne. Babu wanda ya zo.

Shago ya mutu. Wa zai kai fuskarsa gaban afaren Mai Gumaka? Mata suka ce in na ɗauki mutum ina kai hoton wajen dodannina. Na sayar da afare, na koma dako a tasha, ina kallon ƙofar tsohon shagona wani yana sayar da taya a ciki. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, kakanku mahaifin Zuwaira ya zo da dattawa biyu ya ce an gaya masa auren wanda ya yi shirka ya warware. Suka zaunar da ni a zaure suka sa na maimaita kalmar shahada a gabansu, kamar wanda ya shigo Musulunci yau. Ni da aka yi wa kiran salla a kunne a wannan gidan. Na maimaita, don ba na son a raba ni da uwarku. Ita kuwa, Allah ya saka mata, da suka gama ta fito ta ce wa mahaifinta ita ke riƙe farantin hasken, in shirka ce to tare muka yi. Iya Habsu ta koma Guna da damina ta gyaru, ba ta sake taka gidanmu ba har ta rasu.

Inna ta yi ƴan shekaru ta bi ta. Tana ganin Lawali kullum, kamar yadda ta so. Bayan rasuwarta na yi tunanin yin magana, amma buhuna sun daɗe da zama kanti da mota, kuma wa zai saurari Mai Gumaka a kan mutumin da ke saya wa masallaci tabarmi? Na tashi daga gidan na kama haya, muka daina gaisawa sai a jana'iza.

Shekarar da Yaya zai tafi Makka ya bi gida gida yana sallama da neman gafara, yadda maniyyata ke yi. Ya zo nawa da hantsi, da farar shadda, da abokansa biyu da suka tsaya a waje. Na shimfiɗa masa tabarma, don yayana ne. Zuwaira ta kawo ruwa. Ya yi ta zancen jirgi da allurar da aka yi musu, sannan ya gyara zama.

"To Mutari, tafiya ta zo. Rai a hannun Allah yake. Zaman tare ba a rasa saɓani, abin da ya wuce ya wuce. Mu yafi juna."

"Me zan yafe, Yaya?"

"Duk abin da ke tsakani."

"Faɗe shi."

"Haba Mutari. Kai har yanzu kana nan da maganar ƴan tsana?"

Ya yi ƴar dariya, yana duban ƙofa ko abokansa suna ji. Ya je Makka ya dawo, ya sake komawa, kuma har yau da nake rubuta wannan bai yi abin da na nema ba. Ga abin da na gaya masa a ranar, ina kallon cikin idonsa, ban ɗaga murya ba:

"Ba maganar ƴan tsana ba ce, roba ce, na daɗe da haƙura da su. A masallaci ka miƙe ka fitar da ni daga addinina a gaban mutane, kana sane. A can ka ɗauka, a can za ka mayar. Yau bayan la'asar ka tsaya inda ka tsaya, ka ce jama'a ƙarya na yi wa ƙanena. Ba sai ka ambaci buhu ba, ban nemi a ɗaure ka ba. Kafin ka rufe baki na yafe. In kuwa ba za ka iya ba, to kada ka zo mini a ɓoye a kan tabarma kana neman abin da ka ƙwace a fili. Inna ta roƙe ni in yi shiru, na yi. Ba ta roƙe ni in yafe ba. Ka sha ruwanka ka tafi, Yaya. Inda za ka, an san abin da ke cikin ɗakin nan ranar, ba sai na faɗa ba."